Rijiyar Garinmu Gaba Tara ce da Rani

Motar albasa ta faɗi da mu kafin Maiyama. Cinyata ta dama ta karye gida biyu. Aka mayar da ni Aliero gidan mai ɗori, na yi wata uku a kwance. A ɗakin nan ne wani mahauci ya gano garinmu, bayan na yi shekara tara ina ɓoye shi. Da wasan kacici-kacici ya gano shi.

Ga dalilin ɓoyon. Shekara tara kafin nan 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar kudu. Mu uku ne 'yan gari ɗaya a cikin waɗanda aka shiga daji da su. Ni kaɗai na dawo. A dajin sun tambaye ni wa ke da shanu a garinmu, wa ya je Makka, wa ke da ɗa a birni. Ban faɗa ba. Suka yanke mini saman kunnen hagu. Da na dawo gida sai wata tambayar ta tashi. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsaya a ƙofar masallaci gaban jama'a ya ce, "Kai mi kab ba su sunka bar ka da rai?"

Washegari na bar garin.

Na yi Kurmi. Na yi dako a tashoshi, daga baya na koma lodin manyan motoci. In an tambaye ni garinmu sai in ce tasha. Lokacin albasa mukan zo Aliero mu yi lodi, mu bi ta Jega mu gangara. Da mun doshi Maiyama nakan kwanta a kan buhuna in rufe fuska da rawani, domin garinmu yana bayan Maiyama ne, ba nisa. A kwancen nan nake ranar da taya ta fashe.

Mu huɗu ne a ɗakin ɗori. Akwai mahaucin nan, mutumin Jega, ƙato, bakinsa ba ya rufuwa, ya karye a dantse. Akwai wani tsohon Bafillace da sa ya take wa ƙafa, kowa na ce masa Baffa. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ya karye a ƙauri, yana da wata 'yar fanka mai caji. Sai ni a jikin bango.

Gidan ɗori kowa da mai jinyarsa yake zuwa. Mai ɗori aikinsa ƙashi ne. Zai ja, ya daidaita, ya sa kara ya naɗe, ya yi tofi, ya dawo bayan kwanaki ya duba. Amma juya ka, da goge maka jiki, da ɗaukar kaskon da ka yi larura a ciki, wannan na danginka ne. Ni ba ni da kowa. Direbanmu ya kawo ni, ya yi magana da mai gidan, ya tafi.

Kwana biyu da zuwana mahaucin ya ce, "Kai na bango, mi sunanka?"

Na ce, "Mai karaya."

"Mu duka masu karaya na. Wane gari?"

"Tasha."

"Tasha ai ba gari na ba."

"Nan nika kwana."

Ya yi dariya. "To, Allah shi ba ka lahiya, mutumen tasha."

Daga ranar ya sa ƙanensa, wanda ke jinyarsa, ya riƙa ɗaukar kaskona tare da nasa. In an kawo musu tuwo daga Jega sai a ɗebo mini. Na ci, don yunwa ba ta bar mini zaɓi ba. Amma ban so abin ba. Mutumin da ban sani ba in ya fara mini alheri, nakan zauna in yi ta neman inda zai ɓullo.

Kullum bayan la'asar mahaucin yakan ɗora wayarsa a kan wani kwanon sha da aka kife, ya kunna wani shiri. Mutum biyu ke gabatarwa, namiji da mace, ba su da aiki sai tsokanar juna. Sukan kira mutum uku ta waya su yi musu tambayoyi. In ka ci a buga ƙararrawa. In ka faɗi a sakar maka kukan akuya. Tambayoyin kuma na banza ne. Maciji yana ƙifta ido? Jemage ƙwai yake yi ko haihuwa? Ba mai koya maka yadda za ka sami na abinci.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, da matar ta gama tambaya sai mahaucin ya danna wayar ta yi shiru, ya ce, "To, ɗaki, ku ba da amsa." Kowa ya faɗi tasa. Sai ya sake dannawa, matar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Rediyon da na sani ba ta jiran kowa. Wannan kuwa a tsayar da mutum a tsakiyar magana, ya jira, a sake shi. Na ce a raina in tana jiranmu, to jinmu take yi.

Na tambayi ɗan kabu-kabu a hankali. Ya ce ba rediyo ba ce, shiri ne da aka riga aka ɗauka aka ajiye, kowa yana sauko da shi a wayarsa ya ji lokacin da ya ga dama.

Na ce, "Su wa ka ajiye shi?"

"Masu shirin mana."

"Mi suka samu?"

Ya ce shi dai bai sani ba, jin daɗi ne.

Ban yarda ba. Na yi mako guda in an kunna wayar ko tari ba na yi. Nakan juya fuska bango. Amma kunne ba ya juyawa.

A kasuwar Jega da tashoshin Kurmi na ga masu karta uku. Kullum akwai nasu a cikin taro, shi zai fara ci don ka matso. Akwai wata mata a shirin da ta ci sau uku a jere, na ce wannan tasu ce. Na jira in ji ranar da za su ce a aiko da wani abu. Ba su ce ba. Wanda ya ci ma ba a ba shi komai, sai a buga masa ganga a ce shi ne gwanin mako. Wannan ya ƙara mini zargi. Ban taɓa ganin wasan da babu abin ci a cikinsa ba, sai dai wanda ba a nuna maka abin cin ba tukuna.

Ranar da na yi magana ban shirya ba. Matar ta ce, "Me ke cikin tozon raƙumi?" Mahaucin bai kai ga danna wayar ba, wani malamin makaranta a cikin shirin ya ce ruwa ne, har da bayani. Ni kuma na taɓa taya masu fawar raƙumi ɗaukar nama. Na ce da bango, "Kitse."

Aka sakar wa malamin akuya. Matar ta ce kitse ne.

Mahaucin ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Kun ji? Bango ya yi magana! Baffa, kai da kac ce ruwa, ga mutumen tasha ya kada ka."

Baffa ya ce, "Ni shanu nika kiwo, ba raƙuma ba. Tambaye ni nagge ka gani."

Washegari kuwa aka yi tambayar saniya. Cikinta ɗaki nawa ne? Baffa ya ce biyu. Mahaucin ya ce huɗu, ya lissafa su da yatsu. Aka buga ƙararrawa a kan huɗu.

"Shekara sittin kana bin ta da sanda, ba ka san cikinta ba!"

Baffa ya gyara hularsa ya ce, "Kaɗo, kai ka san cikinta, ni na san sunanta. In ta gan ni tahowa takai. In ta gan ka gudu takai."

"Ta gudu ta zo ina? Ba hannuna za ta ƙare ba?"

"Hannun ga da ad ɗaure ga wuya?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ban yi ba, amma na juyo daga bango.

Ɗan kabu-kabu ne ya kawo maganar fanka. Lokacin zafi ne, irin wanda rufin kwano ke ƙara da rana. Fankar ƙarama ce, mutum ɗaya take fifitawa. Ya ce daga yau wanda ya fi cin tambaya a juya masa ita har la'asar ta gobe. Aka yarda. Ƙanen mahauci yana ajiye wa kowa ɓawon gyaɗa a gefen tabarma, ci ɗaya ɓawo ɗaya.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma na yi yawo, kuma mai shiru yana ganin abubuwa. Na san maciji ba ya ƙifta ido, don na taɓa kwana uku a rami muna kallon juna da wani. Na san jemage yana haihuwa yana shayarwa. Na san gyaɗa a sama take fure ta koma ƙasa ta yi 'ya'ya. Tambayoyin ƙasashen waje da na 'yan ƙwallo ɗan kabu-kabu ke cinye su. Na dabbobi da na gona da na hanya nawa ne. A mako na uku fankar ta fi zama a wajena.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin abin. Tun ina yaro ba a taɓa tambayata abu na ba da amsa aka buga mini ƙararrawa ba. Da azahar ta wuce sai in ga ina kallon kwanon da ake ɗora wayar. Ranar da aka yi tambayar sauro, mace ke cizo ko namiji, Baffa bai jira an tsayar da wayar ba ya ce, "Mace mana, sai an tambaya?" Matar shirin kuma, kamar ta ji shi, ta ce duk namijin da ya yi dariya a kan amsar nan Allah ya haɗa shi da sauro dubu. Na yi dariya har cinyar ta motsa, na yi ihu. Mai ɗori ya leƙo ya ce in na sake girgiza masa aiki zai ƙwace wayar.

Amma ko a lokacin ina lura da mahaucin. Wayar tasa ce. Zai iya jin shirin da safe a bayan ɗaki ya zo ya cinye mu. Na sa masa ido, sai na ga ba ya cin fiye da uku ko huɗu. Har tambayar nama ya taɓa faɗuwa, wadda na tabbata ya sani. Mai cuta don ya ci na san shi. Mai faɗuwa da gangan ban san inda ya dosa ba.

Sai tsofaffin shirye-shiryen suka ƙare. Sabo kuma sau ɗaya yake fitowa a mako. Mahaucin ya ce ba za mu zauna muna kallon rufi ba, shi zai zama mai gabatarwa. Ya ɗauki cokali da kofin shayi, ƙararrawarsa ke nan. Ɗan kabu-kabu ya karɓi aikin akuya, kuma ya iya. A shirin akwai wani sashe da suke ce wa gaskiya ko ƙarya, a faɗi magana kai kuma ka ce gaskiya ce ko ƙarya ce. Shi mahaucin ya fi so.

Kwanakin farko dabbobi ya yi ta tambaya. Sannan ya koma kasuwannin shanu. Shi mai yawon ƙauyuka ne yana sayen dabbobi, babu lungun da bai sani ba. Daga kasuwanni ya shiga garuruwa. Yau Gehuru da Fagada, gobe Sabiyal, wanne ya fi kusa da wanne, ina ake bi da damina. Jibi sai na ji ya tsallaka wajen Maiyama.

Na gane. Ba kallona yake yi ba in ya yi irin tambayar nan, kuma rashin kallon ya yi yawa. Kowa yake kallo ban da ni. Na ce a raina to ga inda tuwon Jega ya ɓullo. Na yanke shawara in dai gari aka ambata, bakina a rufe.

Haka Baffa ya karɓe fankar kwana uku a jere. Makiyayi ne, ya san kowace rijiya da kowane mashayi. Yakan sa a juya masa ita ya lumshe ido ya ce, "Mutumen tasha, iskar ga da daɗi. In aiko maka kaɗan cikin hula?"

Zafin kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba. Zufa tana shiga ƙarƙashin bandeji tana ƙaiƙayi, ba halin sosawa. Bayana ya fara ƙuraje saboda kwanciya. Kuma ba zafin kaɗai ba. Na saba da ƙararrawar. Kwana uku ina jin amsa a bakina ina haɗiyewa, tsoho yana mini dariya.

Rana ta huɗu muka yi kunnen doki da Baffa, ɓawo shida shida. Saura tambaya ɗaya. Mahaucin ya tsaya yana sosa gemu kamar mai neman abin faɗa. Sai ya kira sunan garinmu, haka kawai, kamar yadda ya kira sauran. Ya ce, "Rijiyar da ag gaban masallacinsu gaba goma sha biyu ta. Gaskiya ko ƙarya?"

Baffa ya ce, "Na sha ruwanta. Da zurhi. Gaskiya na."

Ni na murza wa uwata igiyar gugan rijiyar nan tun ina ɗan shekara goma. Sau biyu na shiga cikin rijiyar yasa. Na ji bakina ya ce, "Ƙarya na. Gaba tara da rani, bakwai da damina."

Mahaucin ya buga cokali a kofi. Ƙanensa ya tashi ya juya mini fankar. Iskar tana taɓa fuskata na san abin da na yi. Baƙo mai wucewa zai iya cewa ƙarya ne ya dace. Amma ba ya sanin na rani da na damina.

Ban ci tuwon ranar ba.

Da safe da mai ɗori ya shigo na tambaye shi ko za a iya ɗaukata a kai ni wani wuri. Ya ce ƙashin ya fara kamawa ke nan. In aka ɗaga ni yanzu aka sa a mota, ƙafar za ta kama a karkace, ko ta ƙi kamawa gaba ɗaya, kuma kada a dawo masa da ni. Na yi ta tunani. Shekara tara ƙafafuna ne dabarata, wuri ya yi zafi in tashi. Yanzu ga ni an ɗaure da kara kamar danga.

Na jira aka fitar da Baffa da ɗan kabu-kabu shan hantsi a ƙofar ɗaki. Na ce da mahaucin, "Wa ya aiko ka?"

"Babur ya aiko ni. Shi yak kada ni."

"Bar wasa. Tun yaushe kas sani?"

Ya gyara zama. Ya ce duk lokacin da ya je garinmu sayen dabbobi akwai wani mai furfura a gemu da ke zuwa ya tsaya kusa da shi, ya bari sai an gama ciniki, ya ce ko a yawonsa ya ga wani dogo mai yankakken kunnen hagu. Ba shi kaɗai yake tambaya ba, har direbobi da masu awo. Ya ce ranar da aka shigo da ni rawanin ya zame, ya ga kunnen. Amma masu yankakken kunne suna da yawa yanzu, bai so ya tayar da hankalin dattijo a banza ba.

Na ce, "Shi ya sa kas shirya mani tarko."

"Da na tambaye ka kai tsaye, kana hwaɗi?"

"A'a."

"To."

"Ka kira shi?"

"Ban kira kowa ba. Amma jibi za a sallame ni. Ƙanena tare za mu tahi. Wa ka ɗaukar maka kasko? Baffa?"

Na ce wannan ba damuwarsa ba ce. Na ce na kwana a wurin da ya fi wannan na fito. Na ce kada ya kira.

Ya ce, "Ba ni kira. Amma in na koma garinku yat tambaye ni, ba ni yi mashi ƙarya. Ban saba ba."

Na ce, "Kai da kac ce rijiya gaba goma sha biyu ta?"

Ya yi dariya har ya riƙe dantsensa. Ni ban yi ba.

Ya tafi ranar da ya faɗa, ya tafi da wayarsa. An kawo wani a wurinsa, mai karayar ƙugu, ba ya komai sai nishi. Bayan la'asar ɗakin ya zama shiru. Ɗan kabu-kabu ya gwada yin tambayoyi, bai iya ba, duk na ƙwallo yake yi. Fankar ta koma wajen mai ita.

Matar ɗan kabu-kabu takan ɗebo mini abinci. Amma kasko sai na jira wani daga cikin gidan ya tuna da ni, sau ɗaya a yini, wani lokaci ba a tunawa. Na rage cin abinci da shan ruwa don kada in buƙaci kowa. Ƙurajen bayana suka fashe. Baffa ya daina tsokanata. Ya ce a ja tabarmarsa kusa da ƙofa, bai faɗi dalili ba, na sani.

Duk inuwar da ta gifta ƙofa sai in ɗaga kai in duba. Na shirya abin da zan faɗa in yayana ya zo. Na shirya shi da kyau, magana uku ce, kowace tana da kaifi.

Kwana takwas bayan tafiyar mahauci, da hantsi, wani ya yi sallama. Yayana ne. Ya tsufa fiye da shekarunsa, ya rame, yana riƙe da buta da ƙullin kaya. Ya gaisa da Baffa, ya gaisa da sauran, ya zo ya durƙusa wajen bango. Ya dubi ƙafar, ya dubi kunnen, ya dubi kaskon da ke gefe tun jiya. Ya ɗauka ya fita da shi.

Da ya dawo ya ɗebo ruwa a bokiti. Ya ce, "Za ni juya ka. Riƙe wuyana."

Na ce, "Yaya."

"Riƙe dai."

Na riƙe. Maganganun nan uku ban faɗi ko ɗaya ba.

Ya wanke mini baya ya shafa man da mai ɗori ya ba shi. Ya ce Inna tana da rai, idonta ya tafi. Ya ce matan mutum biyun da muka shiga daji tare sun yi aure a wasu garuruwa. Ya zauna a gefena muka yini.

Bayan la'asar ya ciro wata 'yar ƙaramar waya daga aljihu. Ya ce mahaucin Jega ne ya sa aka tura masa wani abu a ciki, ya ce lalle a kunna mini, shi bai san ko mene ne ba. Ɗan kabu-kabu ya karɓa ya kunna. Muryar matar nan ta fito tana tsokanar abokin aikinta. Sababbin shirye-shirye ne guda biyu.

Yayana bai ci ko ɗaya ba. Ya ce jimina tana tashi sama in ta ga dama. Ya ce kifi ba ya barci. Ɗan kabu-kabu ya yi ta masa kukan akuya har muryarsa ta dushe. Baffa ya ce, "Wanga ba ɗan'uwanka na ba, mutumen tasha. An yi musanya wurin wanka." Yayana ya yi dariya yana rufe baki da hannu, irin yadda babanmu yake yi.

Kwana arba'in da ɗaya ya yi a ɗakin. Yana kwana a ƙasa a gefena. Abin da muka iya magana a kai shi ne jimina da kifi da tozon raƙumi. Da an kashe waya sai kowa ya kama bakinsa. Bai ce in yafe masa ba. Ban ce na yafe ba.

Wajen kwana na talatin yana shafa mini mai ya ce fadamar babanmu har yanzu ba a raba ba, ƙannenmu mata suna so a raba, kuma malamai sun ce ba za a taɓa ta ba sai an san ina raye ko na mutu. Na ce a raina to ga inda abin ya ɓullo. Na yi kwana uku ban yi masa magana ba. Na kwanta ina ta juya abin. Shekarun da ya yi yana tare mahauta da direbobi, ni yake nema ko bakin da zai ce a raba? Na kalle shi yana fita da kasko safe da yamma, bai taɓa yamutsa fuska ba. Mutum yana iya yin haka don fadama? Wataƙila yana iyawa. Ban tambaye shi ba, kuma har yau ban sani ba.

Na ce su raba, a bar nawa a hannunsa ya noma.

Da mai ɗori ya kwance ƙafar ta kama, amma ta gajarta da kamar yatsa biyu. Hawa mota ya ƙare mini. Yayana ya so mu wuce gida tare. Na ce ya je, zan zo. Bayan wata biyu na je da sanda, na shiga ta bayan gari, na gaida Inna. Ta shafa fuskata ta tsaya a kunnen, ta daɗe. Masallaci ban je ba, a ɗaki na yi salla. Na kwana biyu na fito.

Mahaucin nakan gan shi a Jega. In na bi ta rumfarsa sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Gwani, gaskiya ko ƙarya?" Nakan ce masa sannu da aiki in wuce. Ban yi masa godiya ba, ban kuma zage shi ba. Yakan aiko mini da ƙashi na miya, ina karɓa. Shirin kuma ina ji, na sayi 'yar waya, mai caji na tura mini duk mako. Ni kaɗai nake ji, kuma ba na amsawa da ƙarfi.

Yanzu ina Jega, wajen masu albasa. A zaune nake aiki, ina ware ruɓaɓɓiya da mai kyau ina ɗinke bakin buhu. Ina da ɗaki ɗaya a bayan tasha. Yayana yakan zo wata-wata, ya zauna a kan buhu, mu sha fura, ya koma kafin la'asar.